Inda Hoto Yake Maƙalewa Tsakanin Gangara Da Uwar Garke

Ranar Asabar 25 ga watan Fabrairu na shekarar 2023 aka gudanar da zaɓen Shugaban Ƙasa da na 'yan Majalisar Tarayya a Nijeriya. Tun kafin ranar, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ta yi wa jama'a alkawarin cewa da zarar an gama ƙirga ƙuri'u a kowace rumfa, malamin zaɓe zai ɗauki hoton takardar sakamako mai suna EC8A da na'urar BVAS, ya ɗora shi a kan shafin hukumar na intanet da ake kira IReV. Manufa ita ce mutumin Sabon Birni ko na Isa ya buɗe wayarsa ya ga abin da aka rubuta a rumfarsu, tun kafin a kai takardar cibiyar tattara sakamako. Rumfuna sama da 176,000 ne aka sa ran za su aiko da hotuna a wannan rana. Hotunan zaɓen 'yan majalisa suka riƙa shiga, na Shugaban Ƙasa kuwa suka ƙi. Bisa ga rahoton da hukumar ta fitar a watan Fabrairu na 2024, ba a sami nasarar ɗora na farko ba sai da ƙarfe 8:55 na dare, kuma jinkirin waɗannan sa'o'i ya haifar da zargi da shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli.

Irin wannan matsala tana faruwa kullum a ƙananan wurare ba tare da an ji labarinta ba. Ɗalibin da ke cika takardar neman shiga makaranta yakan ɗora hoton fasfo sau biyar, shafi ya mayar masa da shi. Ma'aikaciyar asibitin karkara takan aika hoton rajistar allurar rigakafi, a hedikwata a ga farin fili. Dalilan da ke jawo haka ƙidayayyu ne, kuma kowanne yana da wurin da yake aukuwa a kan hanyar da hoto ke bi. Garin Gangara da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni, can ƙasar Gobir kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, ya dace a ɗauke shi a matsayin mafarin tafiya, domin kusan duk wata wahala da hoto zai iya gamuwa da ita tana nan a kan hanyarsa.

Mene Ne Hoto A Wurin Kwamfuta?

Wanda ya taɓa duba aikin hula da kyau ya san cewa zanen da ake hange daga nesa tarin ƙananan ɗinki ne, kowanne da launin zarensa. Haka hoto yake a cikin na'ura: ɗigo ne bayan ɗigo, jere cikin layuka. Kowane ɗigo ana bayyana launinsa da lambobi uku, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, kuma kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Wannan ya ba da launuka sama da miliyan 16. Kowace lamba tana cin gurbi ɗaya na ma'ajiya da ake kira bayit. A shekarar 1957 da Russell Kirsch ya shigar da hoton ɗansa jariri cikin kwamfuta a Amurka, ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Wayar hannu ta talaka a yau tana ɗaukar ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, wato miliyan 12. Idan aka ninka da uku, za a sami bayit miliyan 36, ko megabayit 36, a hoto guda.

Wannan kaya ya yi nauyi, saboda haka ake matse shi. Hanyar matsewa da ta fi yaɗuwa ita ce JPEG, wadda aka amince da ƙa'idarta a 1992, kuma tushenta wani lissafi ne da Nasir Ahmed da abokan aikinsa biyu suka buga a 1974. Ana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, a auna yadda haske ke sauyawa a cikin kowanne, sa'an nan a zubar da ƙananan sauye-sauyen da idon ɗan Adam ba ya lura da su. An kuma san cewa ido ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, don haka akan rage bayanin launi fiye da na haske. Da wannan dabara megabayit 36 yakan koma uku ko huɗu, hoto kuma ya fito kamar ba a taɓa shi ba.

Sai dai an tsara JPEG ne domin fuskoki da bishiyoyi da sararin sama, inda launi ke sauyawa a hankali. Rubutun biro a kan farar takarda akasin haka ne, domin baƙi yana daf da fari babu tsaka-tsaki, kuma a irin wannan gaɓa ce matsewa mai tsanani take barin dusu-dusu. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan. Duk lokacin da aka sake buɗe hoto aka sake matse shi, kamar yadda manhajojin hira suke yi domin rage cin data, sai wani abu ya ƙara zubewa. A hoton biki wannan ba kome ba ne. A takardar sakamako, inda ɗan lanƙwasa kaɗan ne ya raba 3 da 8, ko 1 da 7, magana ta sha bamban.

Tun Daga Hannun Mai Ɗauka

Da yawa daga cikin hotunan da ake ɗora wa intanet laifinsu, tun a wurin ɗauka suka lalace. Kyamara tana buɗe idonta ne na ɗan lokaci domin haske ya shiga. Da rana tsaka kashi ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa ya isa. Idan magariba ta gabato, dole ta bar idon a buɗe har kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye, kuma babu hannun da zai tsaya cak na tsawon wannan lokaci, balle hannun wanda ya wuni a tsaye jama'a na matsa masa. Rawar hannu ta kaurin gashi ta isa ta shafe lamba. A ƙa'ida ƙarfe 2:30 na rana ake rufe layin zaɓe, amma inda kaya suka iso a makare, ƙirga yakan kai dare. A ƙarshen Fabrairu rana tana faɗuwa a gabashin Sakkwato kafin ƙarfe bakwai, ga kuma ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin kyamara.

A shari'ar zaɓen 2023, jam'iyyar Labour ta gabatar da ƙorafin cewa takardu 18,088 da aka ɗora a IReV dishi-dishi suke, ba sa karantuwa. Ko mene ne dalilin kowanne daga cikinsu, abin da kimiyya ta tabbatar shi ne hoton da ya shafe a wurin ɗauka ba ya gyaruwa daga baya. Manhajojin zamani da ke da'awar fayyace hoto cike gurbi suke yi da abin da suka ga ya fi kama, kuma lambar da aka samo ta wannan hanya ba hujja ba ce. Maganin yana wurin ɗauka: a shimfiɗa takarda a kan abu mai faɗi, a haska ta daga gefe domin kada ta yi ƙyalli, a goge gilashi, a dafa gwiwar hannu a kan tebur, sa'an nan a faɗaɗa hoton a karanta lambobin kafin a aika. Manhaja mai kyau ma tana iya auna kaifin hoto da kanta, ta ƙi karɓar wanda ya shafe.

Hanya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan Gangara ta bambanta da Abuja. Waya tana magana da turken sadarwa ta hanyar igiyar rediyo, amma muryoyin biyu ba ɗaya ba ne. Turke yana watsa saƙo da ƙarfin gomman wat daga saman doguwar hasumiya. Waya kuwa iyakar ƙarfinta wat 2 ne a tsohon tsarin 2G, a tsarin 4G ma kashi ɗaya cikin biyar na wat ne kacal. Kwatankwacin ladan ne da lasifika da kuma mutumin da ke amsa masa da baki daga bayan gari: shi yana jin ladan sarai, ladan ba ya jin sa. Sandunan sabis da ake gani a fuskar waya ƙarfin muryar turke suke nunawa. Shi ya sa mutum zai ga sanduna uku, saƙonni suna shigo masa, amma hotonsa ya ƙi fita.

Lissafi zai ƙara fayyace al'amarin. Hoto mai megabayit 3 daidai yake da kilobit 24,000, tunda kowane bayit bit takwas ne. Idan sabis ɗin ƙauye yana fitar da kilobit 100 a daƙiƙa, wanda a tsarin 2G ba a raina shi ba, hoton zai ɗauki daƙiƙa 240, wato minti huɗu cur. Idan jama'a suka taru a kan turke ɗaya, kamar ranar kasuwa ko ranar zaɓe, gudun ya ragu da rabi, minti takwas ke nan. Hoto kuma ba a dunƙule yake tafiya ba. Ana daddatsa shi zuwa ƙunshi-ƙunshi masu kimanin bayit 1,500, kowanne da lambarsa, kamar buhunan gero da aka yi wa shaida za a tsallaka gulbi da su. Megabayit 3 zai ba da ƙunshi kusan 2,000. Duk wanda ya isa, sai a aiko da shaidar isarsa. Wanda ya ɓata a sake aika shi. Tsari ne mai haƙuri, amma haƙurinsa yana da iyaka. Idan shiru ya yi yawa, sai ɗaya ɓangaren ya ɗauka an tafi, ya rufe ƙofa. Manhajar da ba a yi mata kyakkyawan tanadi ba takan koma ta faro daga buhu na farko, ko da saura goma a gama, datar da aka ƙona kuma ta tafi a banza.

Garuruwan bakin iyaka suna da wata matsalar ta daban. Igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba, saboda haka waya a arewacin Sabon Birni tana iya sakin turken Nijeriya ta kama na jihar Maraɗi idan muryarsa ta fi ƙarfi. Sanduna za su cika, amma in ba a buɗe wa layin damar amfani da data a ƙasar waje ba, ko ƙwayar bit ɗaya ba za ta fita ba. Wanda ya san haka sai ya shiga saitin wayarsa ya zaɓi kamfaninsa da hannu. Ga kuma batun tsaro. Turke da injin janareta yake aiki a mafi yawan karkara, kuma inda hanya ta gagari motar man dizal saboda 'yan bindiga, turke yakan yi shiru. A watan Satumba na 2021 ma da gangan aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, domin a katse wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Duk wani tsari da ya dogara da cewa akwai sabis a kowane lokaci, a wannan watan ya tsaya cik a yankin.

Magunguna uku masana suka tanada, kuma mafi sauƙinsu shi ne aka fi mantawa da shi: a rage hoto tun a cikin waya kafin ya kama hanya. Takarda mai girman A4 tsawonta milimita 297 ne. Idan aka ɗauke ta da ɗigo 1,600 a tsawo, kowace milimita ta sami ɗigo biyar da ɗoriya, lambar da aka rubuta da hannu mai tsayin milimita 5 kuma ta sami ɗigo kusan 27, wanda ya wadatar a karanta ta. Irin wannan hoto bai fi kilobayit 300 ba, kuma a gudun da aka ambata ɗazu daƙiƙa 24 zai ɗauka maimakon minti huɗu. Na biyu shi ne aikawa kashi-kashi, ta yadda idan sabis ya yanke za a ɗora daga inda aka tsaya. Na uku shi ne layin jira: manhaja ta adana hoton a cikin na'ura tare da lokacin da aka ɗauke shi, ta aika shi da kanta duk sa'ad da ta sami sabis. Na'urar BVAS tana da irin wannan tanadi.

Bakin Ƙofa

A ce hoto ya tsallake duk wannan ya isa ga babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake yi wa laƙabi da uwar garke. Tun watan Nuwamba na 1995 aka fitar da ƙa'idar aika jakar bayanai ta shafin intanet, kuma har yau a kanta ake tafiya. Uwar garke tana amsa kowace buƙata da lamba mai alƙaluma uku. Lambar da ta fara da 2 tana nufin an karɓa. Wadda ta fara da 4 tana nufin matsalar daga ɓangaren mai aikowa take, wadda ta fara da 5 kuwa uwar garke ce take cewa ita ce ta gaza. Sanin wannan rabe-rabe kaɗai ya rage rabin wahalar bincike.

Mai gadi na farko shi ne ma'aunin nauyi. Manhajar nginx, wadda ɗimbin shafukan duniya ke amfani da ita, idan ba a sauya saitinta ba megabayit 1 kawai take bari ya wuce, abin da ya ɗara haka ta mayar da shi da lamba 413. Harshen PHP kuma iyakarsa ta asali megabayit 2 ce ga jaka guda, 8 ga dukkan saƙon. An sa waɗannan iyakoki ne a zamanin da hotuna ba su da nauyi, wayoyi suka ci gaba, saitin ya tsaya inda yake. Abin da ya fi ruɗa sababbin magina shi ne idan saƙo ya zarce iyakar megabayit 8 ɗin nan, PHP yakan miƙa wa manhaja hannu wofi kamar ba a aiko da kome ba. Mai aikawa ya ga shafi ya juya ya dawo babu hoto, babu bayani.

Mai gadi na biyu yana duba nau'in jaka. Wutsiyar da ke ƙarshen suna, irin su jpg ko png, laƙabi ne kawai da kowa zai iya sauyawa. Ainihin shaidar tana cikin bayit na farko-farko, kuma kowace jakar JPEG da alamar FF D8 FF take farawa. Tun 2017 wayoyin iPhone suke adana hoto da wani tsari mai suna HEIC, wanda shafuka da yawa ba su san shi ba. Mutum yakan sauya wutsiyar zuwa jpg yana zaton ya gyara, alhali sunan buhu kawai ya sauya, abin da ke ciki yana nan. Dole a juya hoton da manhajar da ta iya. Wannan bincike na mai gadi ba tsanani ba ne na banza, domin ɓarayin intanet sukan sa wa muguwar manhaja sunan hoto su turo ta.

Abin Da Ya Faru A IReV

Matsalar ranar 25 ga Fabrairu ba a hanya ta auku ba, ba kuma a bakin ƙofa ba. Rahoton hukumar ya ce lamba 500 uwar garke ta riƙa mayarwa, wato gazawar daga ciki take. Bayanin da aka bayar shi ne an tsara ma'ajiyar ne bisa jihohi: kowane zaɓe yana ƙarƙashin wata jiha, daga nan ƙaramar hukuma, sai mazaɓa, sai rumfa, kuma idan hoto ya iso manhaja takan buɗe masa burgami a ƙarƙashin jiharsa. A ranar zaɓuka 470 aka tsara gudanarwa, na sanatoci 109, na 'yan Majalisar Wakilai 360, da na Shugaban Ƙasa guda. Kujerar Isa da Sabon Birni ta Majalisar Wakilai tana ƙarƙashin Sakkwato, don haka hotonta ya san gidansu. Zaɓen Shugaban Ƙasa kuwa ƙasar baki ɗaya ce mazaɓarsa, ba ya ƙarƙashin kowace jiha. Manhaja ta nemi inda za ta ajiye shi ta rasa, sai ta mayar da shi. Kafin a gano dalili a yi gyara, malaman zaɓe da yawa sun bar rumfunansu, na'urori kuma an kashe su ko an fita da su daga inda sabis yake, hotunan da ke layin jira suka zauna sai da aka sake kunna su.

A fuskar fasaha wannan bayani mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma irin kuskuren da magina manhaja suka sani ne. An fara amfani da IReV a watan Agusta na 2020 a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa, aka yi amfani da shi a zaɓukan gwamna na Anambra a 2021, da Ekiti da Osun a 2022. Dukkansu zaɓuka ne na cikin jiha guda, saboda haka ramin yana nan a rufe ba wanda ya taka shi. Amma yiwuwar bayani ba ta wanke sakaci ba. Zaɓen da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda tsarinsa ya bambanta da saura, kuma takardar gwaji guda ɗaya da aka aika ta ainihin hanyar da za a bi ranar zaɓe ta isa ta tona matsalar. Jam'iyyun adawa ba su gamsu da bayanin hukumar ba. Abin da ke raba irin wannan gardama a kimiyyance shi ne kundin da uwar garke ke rubuta duk abin da ya same ta, daƙiƙa bayan daƙiƙa, idan aka buɗe shi ga masu bincike masu zaman kansu. Kotun Ƙoli a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023 ta ce, bisa dokar zaɓe ta 2022, IReV wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, kuma rashin ɗora hoto bai soke zaɓe ba. A zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris na wannan shekarar, inda kowane zaɓe yake da jiharsa, ɗora hotuna ya tafi da sauri fiye da na Fabrairu.

Ya Shiga, Amma Bai Fito Ba

Akwai kuma hoton da aka karɓa aka adana, amma idan aka buɗe shafi sai a ga ɗan akwati wofi. Dalili shi ne shafin intanet ba ya ɗauke da hoto a jikinsa, adireshinsa kawai yake riƙe da shi, manhajar lilo ce take bin adireshin ta ɗauko. Idan adireshi ya saɓa da wurin ajiya ko da da harafi ɗaya, amsa ita ce 404, wato ba a samu ba. Kwamfutar da ke aiki da Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan jaka, amma Linux, wanda mafi yawan uwayen garke ke amfani da shi, yana bambantawa. Saboda haka hoton da ya fito lafiya a kwamfutar magini yakan ɓace ranar da aka ɗora shafin a intanet. Idan kuma jakar tana nan amma ba a ba manhajar izinin karanta ta ba, sai a sami 403.

Masu rubutu da Hausa suna da nasu tarkon. Haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin tsofaffin haruffa 128 da aka fara gina kwamfuta a kansu. Harafin ƙ bayit biyu yake ci a tsarin UTF-8, kuma a cikin adireshi yakan koma %C6%99. Idan wani sashe na manhaja ya fassara shi ta wata hanya, wani sashen ta wata, jakar da aka sa wa suna da kalmar ƙauye za ta shiga da suna ɗaya a neme ta da wani. Alamar ɗauri da ke cikin sunaye irin su Sa'adu ita ma takan karya umarnin da aka rubuta da ganganci. Magini mai hankali ba ya dogara da sunan da mai aikawa ya bayar. Yakan sa wa kowane hoto sabuwar lamba, ya adana sunan asali a wani wuri.

Hoton da ya fito a kwance ko a kife shi ma yana da dalili. Waya ba ta juya ɗigogin hoto idan an karkata ta. Takan rubuta wata 'yar alama ce daga 1 zuwa 8 a cikin bayanan da ke maƙale da hoton, waɗanda ake kira Exif, mai nuna inda sama take. Idan uwar garke ta rage girman hoto ta zubar da alamar ba tare da ta juya shi ba, sai fasfon ɗalibi ya fito kai a gefe. Waɗannan bayanai na Exif sukan ƙunshi lokaci da nau'in waya, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya. A takardar zaɓe wannan hujja ce mai amfani. Ga mutumin ƙauyen da ke zaune cikin barazanar 'yan bindiga kuwa, hoton da ya aika wa wani shafi yana iya nuna ƙofar gidansa, don haka wajibi ne shafin da zai baje hotunan jama'a ya goge wannan bayani tukuna.

Saura biyu ƙanana. Manhajar lilo takan ajiye kwafin hoton da ta taɓa gani domin rage cin data, sai a sauya hoto a uwar garke amma mai kallo ya ci gaba da ganin tsohon. Sauya sunan sabon hoton yana magance wannan. Shafin da adireshinsa ya fara da https kuma yana iya ƙin nuna hoton da aka kira ta http marar kariya.

Idan aka kawo wa ƙwararre ƙara cewa hoto ya ƙi hawa, ba ya fara taɓa manhaja. Tambaya yake farawa da ita: mutum ɗaya ne abin ya sama ko kowa da kowa? Idan mutum ɗaya ne, a gwada wani hoton ƙarami daga wayarsa. In ya wuce, nauyi ne ko nau'i, in bai wuce ba, hanya ce. Idan 'yan yanki ɗaya ne, turke ne. Idan kowa ne amma a nau'in aiki guda, kamar yadda hotunan majalisa suka shiga na Shugaban Ƙasa suka ƙi daga na'ura ɗaya a kan sabis ɗaya, to babu sauran zargin hanya, sai a nufi kundin uwar garke. A kwamfuta, danna maɓallin F12 a manhajar Chrome ko Firefox yana buɗe tagar da ke nuna kowace buƙata da lambar amsarta. A cikin wannan taga akwai wurin da magini zai rage gudun intanet ɗinsa da gangan, ko ya yanke shi ɗungurungum hoto yana tsakiyar tafiya, domin ya ga yadda manhajarsa za ta yi a hannun malamin da ke tsaye a Gangara da sanda ɗaya ta sabis.